Omron M3 Comfort a hannun mai ciwon zuciya: ta iya awo, amma fassara sai likita

Omron M3 Comfort na'urar awon jini ce ta gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ƙirar kamfanin Omron na ƙasar Japan. Samfurin da ake magana a kai a nan shi ne mai lamba HEM-7155-E. Wajen awo ta yi, kuma mai ciwon zuciya da likita ya ce ya riƙa auna jininsa a gida ba zai yi nadamar mallakarta ba. Matsala tana farawa ne bayan lambobi sun fito a allo. Na'urar ba ta san maganin da kake sha ba, ba ta san halin da ƙodarka ke ciki ba, ba ta san abin da aka gani a hoton zuciyarka ba. Wayar da ke gefenka, wadda hannu ke saurin kaiwa gare ta don a binciki ma'anar lambobin, ita ma duk ba ta san waɗannan ba.

A cikin kwali akwai na'urar kanta, maɗaurin damtse da tiyonsa, batir huɗu masu girman AA, jakar ajiya da littafin bayani. Wayar jona wuta daban ake sayenta. Kamfanin ya ce sababbin batir masu kyau suna kai awo kusan 1,000, wato wajen wata takwas ga mai awo huɗu a rana. Ba ta haɗuwa da wayar hannu. Mai son wannan sai ya nemi 'yar'uwarta M4 Intelli IT.

Abin da ya fi daraja a kwalin shi ne maɗaurin, wanda Omron ke kira Intelli Wrap. An riga an lanƙwasa shi, yana da ɗan tauri, sai ya rungume damtse da kansa, mutum ya sa da hannu ɗaya ba sai ya nemi mataimaki ba. Jakar iskar da ke ciki ta zagaye hannun, don haka ko tiyo ya ɗan karkace hagu ko dama awo ba ya lalacewa, saɓanin tsofaffin maɗaurai da sai an saita alamarsu a kan jijiya. Akwai kuma alama a allo da ke nuna ko ɗaurin ya yi ko ya yi sako-sako. Yana ɗaukar damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42. Kafin a saya, a ɗauki tef ɗin tela a zagaya tsakiyar damtse, wato rabin tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda ya haura 42 ya nemi na'ura mai babban maɗauri, kada ya ce ai zai matsa ya shiga. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da aka buga a 2023 ya nuna cewa mutanen da ke bukatar maɗauri mafi girma, da aka auna su da madaidaici, lambarsu ta sama, wato ta farko kuma mafi girma cikin lambobi biyu na awon jini, ta ƙaru da kusan 20. Wannan ya isa a ƙara wa mutum maganin da ba ya bukata.

Na'urar ba ta sauraren jini kamar yadda likita ke yi da abin kunnensa. Tana hura maɗauri har ya tsayar da jinin jijiya, sannan ta auna 'yar girgizar da bugun jijiyar ke sa wa iskar da ke ciki yayin da matsin ke sauyawa. Daga siffar wannan girgiza take lissafo lambar sama da ta ƙasa. Ke nan lambobin lissafi ne, kuma duk abin da ya dagula girgizar, motsi ne, magana ce, ko bugawar zuciya marar tsari, zai dagula amsar. A littafin an rubuta cewa kuskurenta bai wuce 3 sama ko ƙasa ba, amma wannan maganar ma'aunin iskar ce kawai. Ƙa'idar duniya da ake gwada irin waɗannan na'urori da ita, ISO 81060-2, tana neman a gwada su a jikin mutum 85 a kalla, kuma matsakaicin bambancinsu da awon ƙwararru kada ya wuce 5. A jikin mutum ɗaya, a awo ɗaya, bambancin kan fi haka. Shi ya sa ba a yanke hukunci da lamba ɗaya.

Yadda ake awon da likita zai iya aiki da shi

Minti 30 kafin awo babu kofi, babu taba, babu motsa jiki. A yi fitsari tukuna, domin cikakkiyar mafitsara tana ɗaga jini. A zauna a kujera mai majingina, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba, a yi minti biyar shiru, ba hira ba latsa waya. Wayar ma littafin ya ce a nisanta ta da na'urar da santimita 30 lokacin awo. Maɗauri a kan fata, ba a kan riga ba, kuma kada a naɗe hannun riga ya shaƙe saman damtse. A cire hannun daga rigar gaba ɗaya. Bakin maɗauri na ƙasa ya tsaya santimita 1 zuwa 2 sama da lanƙwasar gwiwar hannu. Hannu a kan tebur, tsakiyar maɗauri daidai da tsakiyar ƙirji. Wannan na ƙarshe mutane sun fi raina shi, alhali masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun auna shi a 2024: hannu a kan cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, hannu a sake a gefen jiki yana ƙara 6.5.

A ranar farko a auna hannu biyu. Wanda ya fi ba da lamba mai yawa shi za a riƙa amfani da shi kullum, kuma idan bambancin lambar sama ya wuce 10 a kai a kai, a gaya wa likita, don yana iya zama alamar ƙuncin jijiya. Sannan a bi tsarin kwana bakwai: da safe kafin a sha magani kuma kafin a ci abinci, awo biyu da tazarar minti ɗaya, da yamma awo biyu haka nan. A jefar da na ranar farko, don mutane da yawa jininsu kan ɗan hau a ranar da suka fara. Saura awo 24. A haɗa lambobin sama a raba 24, a yi haka ga na ƙasa. Wannan matsakaicin shi ne abin da likita ke so, kuma ana yin wannan mako ne kafin ranar ganin likita ko bayan an canja magani, ba kowane mako har abada ba, sai in shi ya ce a yi.

A nan M3 Comfort ta ɗan gaza. Tana ajiye awo 60 ga mutum na ɗaya, 60 ga na biyu, da kwanan wata da lokaci, kuma akwai hanyar auna baƙo ba tare da an ajiye ba. Amma matsakaicin da take fitarwa na awo biyu ko uku na ƙarshe ne da aka yi cikin minti goma, ba na mako ba. Lissafin mako da hannunka za ka yi. Maɓallin sauya mutum kuma yana da sauƙin mantuwa, sai ka tarar awon miji ya cakuɗe da na mata. Idan aka canja batir a duba kwanan wata, in ba haka ba ajiyar ba ta da amfani. Mafi sauƙi a samu ɗan littafi: rana, lokaci, lambar sama, lambar ƙasa, bugawar zuciya, da fili ɗaya na abin da aka ji, kamar jiri, ciwon kai, rashin barci ko mantuwar magani. A rubuta kowane awo, mai daɗi da marar daɗi. Wanda ya auna sau biyar ya zaɓi mafi kyau ya rubuta, kansa ya yaudara.

Lambobin da ke tayar da hankali

Idan awo ya kai 135 a sama ko 85 a ƙasa, na'urar tana nuna alamar hawan jini. Nan ne mutum ke ɗaukar waya, nan ne kuma yake rikicewa, domin zai ga shafi ɗaya ya ce 140/90, wani ya ce 130/80, wani 135/85, kuma babu wanda ya yi ƙarya. 140/90 iyakar awon asibiti ce a ƙa'idar Turai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya. 135/85 takwararta ce ta awon gida, don jini kan fi sauka a gida. 130/80 kuwa ita ce iyakar da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka koma a 2017. A 2024 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce a nemi lambar sama ta sauka zuwa 120 zuwa 129 ga yawancin masu shan magani, amma da sharaɗin jiki ya ɗauka, kuma ta sassauta wa tsofaffi tukuf, da masu rauni, da masu jiri idan sun miƙe. Ko kai kana cikin yawancin ko cikin waɗanda aka sassauta wa, shafi ba zai iya faɗa ba. A tambayi likita kai tsaye: wace lamba muke nema a jikina, daga nawa zan kira ka, daga nawa zan tafi asibiti? A rubuta amsar a shafin farko na littafin. Daga nan alamar da ke allo ba ta da sauran iko a kanka.

Lamba ƙasa-ƙasa ta fi saurin sa mutane su bar magani. Mai gazawar zuciya, wanda zuciyarsa ba ta tura jini da ƙarfi, yawanci ana haɗa masa magunguna uku ko huɗu, irin su bisoprolol ko carvedilol, da enalapril ko sacubitril mai haɗe da valsartan, da spironolactone, da dapagliflozin ko empagliflozin. Ba don hawan jini ake ba shi su ba, don rage wa zuciya wahala ne da tsawaita rai, amma duk suna sauke jini. Irin wannan mutum zai iya ganin 100/62 kullum, yana tafiyarsa lafiya ba jiri, kuma likitansa ya gamsu da hakan. Shafin da aka rubuta don masu lafiya zai ce masa jininsa ya kusa yin ƙasa. Haka bugawar zuciya: ko'ina a intanet an rubuta cewa daidai shi ne 60 zuwa 100 a minti, amma mai shan bisoprolol da ya ga 55 yana zaune, sau da yawa aikin maganin ke nan yake gani. Idan ya tsorata ya daina sha farat ɗaya, zuciyar da ta saba da birki sai ta zabura, bugawa ta yi sauri, jini ya hau, ciwon ƙirji ya dawo, wani lokaci har jijiyar zuciya ta toshe. Irin wannan magani a hankali ake janye shi, kuma likita ke tsara yadda za a yi. Abin da ke sa a kira likita a ranar shi ne bugawa ƙasa da 50, ko lambar sama ƙasa da 90, ko kowace lamba da ta zo da jiri, duhun gani, kasala mai tsanani ko suma.

Ga mai jin jiri idan ya tashi, na'urar tana da wani amfani da ba a cika sani ba. A kwanta minti biyar a auna, a miƙe tsaye, hannu a tallafe daidai ƙirji, a auna bayan minti ɗaya, a sake bayan minti uku, da wani a kusa saboda faɗuwa. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, wannan labari ne da zai iya sa likita ya rage maganin fitsari ko ya sauya lokacin shan wani.

Sai alamar bugawa marar tsari. Tana fitowa idan na'urar ta ji, sau biyu ko fiye a awo ɗaya, tazarar bugu ta kauce wa matsakaici da kashi 25 cikin 100. Ba ta san dalili ba. Yana iya zama motsin hannu, ko ƙarin bugu marar illa da kusan kowa ke yi, ko kuma rikicewar ɗakunan saman zuciya da likitoci ke taƙaitawa AF, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Wasu samfuran Omron, kamar M7 Intelli IT, an ƙera su su nuna yiwuwar AF. Wannan samfurin gargaɗi na gaba ɗaya kawai yake yi. Ko da waɗancan ne, gwajin ECG, wanda ke zana yadda zuciya ke bugawa, shi ke tabbatarwa. Alamar ta fito sau ɗaya, a huta a sake. Ta riƙa fitowa, a rubuta ranakun a kai wa likita cikin kwanaki, ba watanni ba. Wanda aka riga aka sani yana da AF ya san cewa awon irin wannan na'ura yana tsalle-tsalle a jikinsa. Ya yi uku a jere a ɗauki matsakaici.

Idan allo ya nuna 180/120 ko fiye, abu na farko shi ne a duba jiki. Akwai ciwon ƙirji, haki, rikicewar gani, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, ciwon baya mai tsagawa ko ruɗewa? To asibiti nan take, kuma kada mai ciwon ya tuƙa kansa. Babu ko ɗaya? A zauna minti biyar a sake. Idan yana nan a sama, a kira likita ko a je asibiti a ranar. Abin da ba a yi shi ne ƙara ƙwaya bisa shawarar wani bidiyo, musamman tsohuwar dabarar fasa nifedipine mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe. Likitoci sun bar wannan tun tuni, domin jini kan faɗi da sauri har ƙwaƙwalwa ko zuciya su rasa rabonsu. A guji kuma awo sau goma a jere. Tsoro yana ɗaga jini, lambar da ta hau tana ƙara tsoro, sai mutum ya kwana yana matse damtsensa.

Babban haɗarin wannan na'ura bai shafi ingancinta ba: tana iya kwantar da hankali a lokacin da bai kamata ba. Mutum na iya kasancewa jijiyar zuciyarsa tana toshewa a daidai lokacin da allo ke nuna 128/80 da bugawa 76. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, mai sauka hannu ko hawa wuya da muƙamuƙi, da zufa mai sanyi, tashin zuciya ko haki, ba ya jiran awo kuma ba ya jiran bincike a waya. A mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga, ciwon kan zo a ɓoye, kamar ƙwannafi ko gajiya marar dalili. Wanda likita ya ba maganin ƙarƙashin harshe na nitroglycerin ya zauna ya sa ɗaya. Idan bayan minti biyar ciwon bai lafa ba, a nemi motar asibiti. Can za a yi ECG mai wayoyi goma da gwajin jini na troponin, sinadarin da ke fita idan naman zuciya ya lalace, kuma kowane minti da aka ɓata naman zuciya ne ke mutuwa. Haka kuma ruwan da ke taruwa a jikin mai gazawar zuciya, sikeli ne ke kama shi, ba maɗauri ba: awo kowace safiya bayan fitsari kafin karin kumallo, kuma ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana uku kira ne ga likita.

Labari mai gaskiya da aka kai wa wanda ba nasa ba

Ƙaryar intanet tana da sauƙin ganewa idan aka kwatanta da gaskiyarsa da ta ɓata hanya. A 2018 wani babban bincike mai suna ASPREE, a Ostireliya da Amurka, ya gwada asfirin a tsofaffi kusan 19,000 masu lafiya, ya tarar bai ƙara musu lafiya ba, sai ƙarin zubar jini. A 2022 kwamitin ƙwararru na Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya ce kada a fara ba 'yan shekara 60 zuwa sama asfirin don kare ciwon da bai taɓa samun su ba. Kanun labarai suka taƙaita: asfirin ba shi da amfani. Amma maganar ta waɗanda ba su taɓa yin ciwon zuciya ba ce. Wanda jijiyarsa ta taɓa toshewa, ko aka sa masa ɗan bututun raga na ƙarfe don buɗe ta, lissafinsa daban ne. Shi yawanci ana haɗa masa asfirin da clopidogrel ko ticagrelor na wata shida zuwa shekara, kuma idan ya daina da wuri jini na iya daskarewa a cikin bututun ya rufe shi gaba ɗaya. M3 Comfort ba za ta nuna komai ba har sai abin ya faru. Ko cire haƙori za a yi, likitan zuciya ke faɗin ko a tsayar da maganin.

Magungunan rage kitsen jini, irin su atorvastatin, su ma sun sha wannan. Ciwon tsoka da ake danganta musu gaskiya ne a wasu mutane, amma binciken SAMSON da aka yi a Landan aka buga a 2020 ya ɗauki mutum 60 da suka daina maganin saboda illa, ya riƙa ba su wata na magani, wata na ƙwayar da babu komai a ciki, wata ba komai, ba tare da sun san wace ƙwaya ce wace ba. Kashi 90 cikin 100 na damuwar da suka ji da maganin, sun ji ta da ƙwayar banza. Rabinsu suka koma shan magani daga baya. Wannan ba ya nufin a yi shiru da ciwo. A faɗa wa likita: yana iya gwada jini, rage yawan maganin, ko sauya wani. Ciwon tsoka mai tsanani da fitsari mai duhu kuwa na gaggawa ne.

Haka sauran illoli suke, kusan kowacce tana da mafita a ofishin likita. Busasshen tari daga lisinopril, a koma losartan. Kumburin idon sawu daga amlodipine, a rage ko a sauya. Amma kumburin ƙafa na iya zama ruwan gazawar zuciya, kuma hoton da ke shafi ba zai raba maka su ba, sai an saurari huhu an duba jijiyar wuya. Kumburin leɓe ko harshe bayan shan lisinopril ko enalapril, wannan asibiti ne nan take.

Akwai kuma abin da shafuka ke cusawa. Gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini yawanci potassium ne aka sa a madadin wani ɓangare na gishirin. Ga mutane da yawa yana da amfani, amma ga mai shan spironolactone ko enalapril, ko mai raunin ƙoda, yana iya tara sinadarin a jini har zuciya ta tsaya, kuma babu na'urar gida da ke auna shi. Don haka ne ake gwajin ƙoda da potassium mako ɗaya zuwa biyu bayan fara waɗannan magunguna. Ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini, suna riƙe ruwa, suna wahalar da ƙoda. Maganin mura mai pseudoephedrine yana ɗaga jini da bugawa. Ganyen St John's wort yana rage ƙarfin warfarin, maganin hana daskarewar jini, da digoxin, maganin zuciya. Sildenafil, maganin ƙarfin maza, idan ya haɗu da nitroglycerin ko isosorbide jini kan faɗi warwas, kuma an sha kama shi a ɓoye cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan na gargajiya zalla. Kunya ba ta da wuri a nan: likita ya san duk abin da ke shiga bakinka.

Ba a ce likita ba ya kuskure ba, ba a kuma ce a rufe waya ba. Likita na iya yin sauri, na iya mance wani maganin da kake sha. Bambancin shi ne yana da fayil ɗinka, ya taɓa jikinka, zai sake ganinka ya gyara, kuma akwai hukumar da za ta tuhume shi. Mai bidiyo ba ya da ko ɗaya, sau da yawa ma yana da kwalbar da yake son sayarwa. Shafukan Hukumar Lafiya ta Duniya, da hukumar lafiyar Birtaniya NHS, da British Heart Foundation, da American Heart Association suna da kyau wajen fahimtar sunan ciwo da shirya tambayoyi. Matambayi ba ya ɓata: a rubuta tambaya uku, a nuna wa likita abin da aka karanta, a ce shin wannan ya shafe ni? Mai harhaɗa magunguna ma yana iya duba ko magunguna suna karo da juna. Idan amsar likita ba ta gamsar ba, a nemi ra'ayin likitan zuciya na biyu, ana ci gaba da shan magani kafin a gan shi.

Game da kula da na'urar, kurakuran da take nunawa kaɗan ne kuma masu sauƙi. E1 yawanci iska ce ke zurarewa: kan tiyo bai shiga sosai ba, ko ɗauri ya yi sako-sako, ko maɗauri ya huje. E4 motsi ne ko magana. E2 na iya nufin hurawar ba ta isa ba, abin da kan faru idan lambar sama ta haura 210. Littafin ya bayyana yadda ake riƙe maɓalli a hura da hannu zuwa 30 ko 40 sama da abin da ake tsammani, amma wanda jininsa ya kai nan asibiti ya fi dacewa da shi. An ƙera ta ta yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40. Idan ta kwana a mota mai zafi a bar ta ta huce. Kada a nannaɗe tiyo da ƙarfi, kada a wanke maɗauri, kada a jona maɗaurin wani kamfani ko da bakinsa ya shiga, domin da nata aka gwada ingancinta. Ba a ɗaura ta a hannun da ke da hanyar wankin ƙoda, ko mai rauni, ko wanda ake ƙarin ruwa a cikinsa, kuma wadda aka yi wa aikin cire nono ta tambayi likita wane hannu za ta yi amfani da shi.

Kamfanin ya ba da shawarar a duba ingancinta duk shekara biyu. Kafin nan, a tafi da ita asibiti a ziyarar farko bayan saye: a hannu ɗaya, a zama ɗaya, a yi awo da ita, ma'aikacin jinya ya yi da tasu, a sake da ita, da minti ɗaya tsakani. Idan bambancin lambar sama bai wuce 5 ba, ta yi. Tsakanin 5 da 10, a sake gwadawa a kuma duba ɗauri. Idan ya haura 10 a kai a kai, ko maɗaurin bai dace da hannun ba, ko na'urar ba ta jituwa da bugawar wannan mutum, kuma likita ne zai ce ko a canja ta ko a sa masa irin ta asibiti da ke awo da kanta tsawon awa 24.